Taswirorin da ke ƙarshen Littafi Mai Tsarki

Ranar Lahadin da ta wuce ina karanta wa 'yan ajina labarin Basamariye mai tausayi a Luka sura 10, wanda ya taimaki mutumin da 'yan fashi suka raunata a hanyar Urushalima zuwa Yariko, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, me ya sa aka ce mutumin yana gangarowa? Urushalima a kan bene take?" Yara suka kwashe da dariya. Ni kuwa na ji daɗin tambayar har cikin raina.

Muka buɗe ƙarshen Littafi Mai Tsarki inda taswirori suke, shafukan nan da a hannun yawancinmu har yau a manne suke kamar ranar da aka sayo shi. Na ciro zare daga jakata, muka shimfiɗa daga Urushalima zuwa Yariko, muka gwada da ma'aunin da ke ƙasan shafin. Tafiyar ba ta kai kilomita 30 ba. Amma Urushalima tana kan tudu, fiye da mita 750 sama da teku, Yariko kuma tana can cikin kwari, kimanin mita 250 ƙasa da teku. Wato a tafiyar yini guda mutum zai gangara mita 1,000, ta tsakanin duwatsu da kwazazzabai, a hamadar da inuwa ma wuya take. Wanda ya taɓa bin Hawan Kibo, gangaren nan na hanyar Jos, zai gane abin da nake nufi. A irin wannan hanya, ɗan fashi ba ya rasa maɓoya.

Ga abin da ya fi taɓa ni. Aya ta 31 ta nuna firist ɗin da ya ga mutumin ya wuce bai taimake shi ba, shi ma gangarowa yake yi. Sau nawa muka ji ana yi masa uzuri a wa'azi, wai yana sauri ne zuwa Haikali, yana gudun ƙazantuwa? To, bayansa Haikalin yake. A ganina wannan uzuri bai da tushe, kuma sanin inda hanyar ta nufa ne ya nuna mini haka.

Ta wannan hanyar ce kuma Yesu ya hau zuwa Urushalima bayan ya bar gidan Zakka a Yariko, a ƙafa, yana sane da abin da ke jiransa.

Haka tafiyar Maryamu. A wasan Kirsimeti muna sa yarinya ta taka daga ƙofar coci zuwa gaban bagade, shi ke nan an iso Baitalami. Daga Nazarat, idan an bi ta kwarin Urdun, tafiyar ta kai wajen kilomita 140, kusan nisan Kano zuwa Zariya, da tsohon ciki. Jakin da muke zanawa ma, Luka bai ambace shi ba. Iyaye mata, ku kuka san nauyin wannan.

Don Allah 'yan'uwana malaman makarantar Lahadi, mu daina karanta sunayen garuruwa kamar jerin sunayen rajista. Zare da 'yan mintoci kaɗan sun isa. Mako mai zuwa hanyar Urushalima zuwa ƙauyen Imuwasu za mu auna, kilomita 11, wadda almajirai biyu suka taka har yamma ta yi, sannan suka tashi a daren suka koma Urushalima. Yarinyar nan ta riga ta ce ita za ta riƙe zaren.