Sun kore ni babu dalili, kuma su ne ke bi na bashi har ƙofar masallaci

Ranar Juma'ar da ta gabata, an idar da salla ke nan a masallacin unguwarmu a Aboabo da ke Kumasi a ƙasar Ghana, ina laluben takalmina, sai ga wani yaro da bai kai sa'an ɗana na fari ba, sanye da rigar kamfanin da na yi wa tuƙi shekara da shekaru a Kaase, yana kiran sunana gatsau a gaban jama'a. Babu sallama, babu Baba, balle ya ja ni gefe.

Ya ce, "Kai ne direban nan? An aiko ni a kan bashin kamfani." Na ce masa, "Yaro, a gidanku haka ake fara magana da manya?" Ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba, ya ce shi ba gaisuwa aka turo shi ba, sannan ya karanto adadin kuɗin da ƙarfi yadda mai sayar da koko a tsallaken titi ma sai da ta waiwayo. Ya ƙara da cewa idan ban tura ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kafin ƙarshen wata ba, za su nemi surukina da ya tsaya mini, kuma za su haɗa ni da 'yan sanda, kamar dai rance ya koma sata. Na danne zuciyata na tambaye shi ko a cikin wayar nan tasa mai ilimi akwai albashina na watan ƙarshe da suka riƙe. Ya taɓe baki ya ce, "Wannan ba sashena ba ne." Madalla da kamfani mai tsari! Sashen karɓa yana da babur da mai har zuwa Zango, sashen biya kuwa ko waya ba ya ɗauka.

Ban taɓa musun rancen ba. Na karɓe shi ne lokacin da mai gidan haya ya ce sai kuɗin shekara 2 a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 ba ta yarda a karɓi fiye da na wata 6 ba, kuma kowa a Kumasi ya san yadda ake taka ta. Yarjejeniyarmu ita ce a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan daga albashi. Su da hannunsu suka datse albashin, yanzu kuma suna neman kuɗin gaba ɗaya har da ruwa a kai.

Laifina kuwa shi ne na karɓo takardata ta SSNIT, wato hukumar fanshon ma'aikata, na ga watanni jere babu ko kwabo, bayan duk wata ana zare kashi 5.5 cikin 100 daga albashina, wanda ya kamata su haɗa da nasu kashi 13 su biya. Na tambayi manaja cikin ladabi, ba a jima ba aka miƙo mini takardar kora wai don rashin ɗa'a, ba tare da an zaunar da ni an ji ta bakina ba. Dokar ƙwadago ta 2003, wato Act 651, ta ce a sashe na 17 wanda kwantiraginsa ya kai shekara 3 ana ba shi sanarwar wata guda ko albashin wata a madadinta, sashe na 63 kuma ya ɗora wa mai kamfani nauyin tabbatar da cewa korar tana da dalili kuma an bi ƙa'ida. Na kai ƙara inda doka ta ce a kai. Yau lauyansu ya yi tafiya, gobe ba shi da lafiya, a sake ɗage zama, ni kuma in biya kuɗin trotro, wato motar haya, in dawo gida, sidin da nake bin su, wato kuɗin Ghana, yana narkewa a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100 a Disambar 2022.

Abin da ya fi maganar yaron ci mini rai shi ne dattawan da suka taru suna ce mini, "Malam, ka yi haƙuri ka biya, bashi hanji ne." To, hanjin talaka ne kaɗai ake leƙawa? A cikinsu babu wanda ya ce a tashi a je a tambayi mai kamfanin nasa bashin, domin mun saba duk wanda ya zo da hatimi da takarda shi ne mai gaskiya.

Gwamnatoci sun zo sun wuce, kowace tana alfahari da dokokin da ta gada, amma a tsawon zamana a wurin nan ban taɓa ganin jami'in ƙwadago ya shigo ya buɗe littafin albashi ba. 'Yan siyasa sun san hanyar Aboabo da Asawase sarai idan azumi ya kama ko zaɓe ya ƙarato, su kawo shinkafa da sukari a ɗauki hoto. Su riƙe shinkafarsu, su hana kamfani bin ma'aikaci bashi a titi matuƙar ƙarar korarsa tana gaban hukuma, su kuma ci tarar duk wanda ya ƙi halartar zama da gangan.