Idan Umma ta ce ba ta runtsa ba

'Yan'uwana matasa, musamman mu da iyayenmu mata suka haura shekara 40, ina da magana da ku. Sau nawa Umma ta ce jiya ko runtsawa ba ta yi ba, muka ce "Allah ya sawwaƙe" muka ci gaba da danna waya? Wasu har da tsokana, wai tsufa ne, ko tunanin kayan ɗakin 'yan mata. Mu ji tsoron Allah. Matar da ta raba dare tana jijjiga mu muna tsala kuka, yau ita ce idonta biyu har kiran assalatu, ba mai tambayarta me ke damunta.

Yawancin mata al'adarsu na ɗaukewa tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma sai an yi wata 12 cur ba a ga jini ba ake cewa ta tsaya. Amma wahalar tana farawa tun shekaru kafin nan, lokacin da sinadaran da ma'ajiyar ƙwan mace ke fitarwa, istrojin da furojestaron, suka fara hawa da sauka. Sai tsakar dare wani zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska, zufa ta jiƙa zani, gaba na faɗuwa, barci ya yi nasa wuri. Ku haɗa wannan da zafin watan Afrilu, ga wuta an ɗauke. Da safe kuma a ce Umma ta cika faɗa. To wa zai kwana haka ya tashi da fara'a? Ita kuwa kunya ba za ta bar ta ta yi wa ɗanta zancen al'ada ba, sai dai ta ce "jikin ne kawai".

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne gatan da muke yi mata da jahilci: a ruga kemis a sayo maganin barci irin su diazepam ba da izinin likita ba. Jiki na sabawa da shi har ya zama in babu shi babu barci, yana sa jiri, kuma mace a wannan shekarun ƙashinta ya fara rauni. Faɗuwa ɗaya a banɗaki na iya karya ƙugu.

Sannan ba kowane rashin barci ne na ɗaukewar al'ada ba. In tana minshari mai ƙarfi, numfashinta na ɗaukewa ta farka a firgice, ta wuni tana gyangyaɗi, wannan toshewar numfashi ce a cikin barci. Tana ƙaruwa ga mata bayan tsayawar al'ada, tana kuma tafiya da hawan jini. In ƙafafunta ne ke mata tsikari da dare sai ta yi ta motsa su, a duba ƙarancin sinadarin ƙarfe a jininta, domin wasu kan zubar da jini da yawa gab da tsayawarsa. Yawan tashi fitsari kuwa, a gwada suga. Duk wannan sai asibiti, kuma ke 'yarta ki raka ta, don ta fi sakewa da ke. Likita ne zai ce ko maganin da ke maye gurbin istrojin da furojestaron ya dace da ita, domin ba kowace mace ake ba shi ba.

A gida ma akwai namu. Goron la'asar da shayin dare suna korar barci, a lallaɓa ta ta mayar da su safe. A saya mata fanka mai caji da rigar barci ta auduga. Jikokin da ake jibge mata a ɗaki su kwana, iyayensu su kwashe abinsu. In ta kwanta ƙailula bayan azahar, kada wanda ya tashe ta don neman makullin sito.