Gidan Tarihi na Kanta: Bangon ma Kayan Tarihi ne

Wanda ya je Argungu kallon gasar kamun kifi a kogin Matan Fada, yakan leƙa Gidan Tarihi na Kanta, ya ga masu da takubba da tambura, ya ɗauki hoto ya fita. Kaɗan ne ke tsayawa su dubi bangon, alhali ya girmi da yawa daga abin da ke rataye jikinsa. Tun 1831 ake lissafin shekarun ginin. Nan ne fadar Sarkin Kabi har 1942 da aka koma sabuwa, sannan a 1958 aka buɗe shi gidan tarihi da sunan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi. Kaburburan sarakuna ma suna nan.

Ra'ayina shi ne duk kuɗin da za a ware wa wurin, a fara da magina kafin masu fenti.

Tsohon gini ba ya son siminti. Idan aka shafe bangon ƙasa da shi, danshin da ke tasowa daga tushe ba ya samun mafita. Waje sumul, ciki kuwa tubali na ruɓewa, sai wata damina ɓawon ya ɓalle da rabin bango. Magina sun san maganin tun da: yaɓe da ƙasa irin ta asali, a bi da makuba, rufi kuma a yi masa laso, wato shafen hana ruwa shiga, na katsin marina da gashin jima da dafara. Aikin rani ne, a gama kafin ruwan farko. A duba kowane indararo, domin guda ɗaya ya toshe, ruwa zai kwanta a soro ya jiƙa azara, gara ta ƙarasa sauran.

Kayan ciki kuma kowanne da abokin gabarsa. Hunturu na busar da fatar tambari har ta tsage, danshin Agusta na sa wa takobi tsatsa. Kada a goge ƙarfe da yashi don ya yi ƙyalli, kada a jingina fata ko tufa da bango.

Sai rajista, wadda ta fi komai araha. Kowane abu ya samu lamba, hoto, awo, da bayanin inda ya fito da wanda ya kawo shi. Katangar tukunya daga kufan Surame, tsohon birnin Kanta, in ba a rubuta wurin da aka tono ta da zurfin ramin ba, ba ta da bambanci da wadda aka tsinta a juji.

Wasu za su ce ai gara a gina sabon zaure mai na'urar sanyaya ɗaki a kwashe kayan can. Ga masu rauni, kamar takardu da tufafi, na yarda. Amma ɗakin da aka kwashe aka kulle, ba mai lura da ɗigonsa sai rufin ya zauna.