Ikon rufe shafi ba shi ne iko da intanet ba

Duk lokacin da gwamnatocinmu suka tashi maganar 'yancin kai a harkar intanet, abin da ke ransu shi ne ikon rufe shafi. A watan Yunin 2021 gwamnatin Buhari ta dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban ƙasa, aka yi ta bugun ƙirji wai an nuna wa baƙo iyakarsa. Wata bakwai ana wannan tirka-tirka. Matasa suka sauke VPN, manhajar da ke kewaye toshewar, suka ci gaba da sha'aninsu, masu tallar atamfa da turare a shafin su ne suka ji a jikinsu, daga baya kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa doka.

Ranar da ta fallasa mu ita ce 14 ga Maris, 2024. Wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa. Manhajojin banki suka tsaya cik. Mai POS na riƙe da katin mutum yana ta maimaita "babu netwok", layi sai ƙara tsawo yake. Gyaran ma sai da aka jira jiragen ruwa na musamman, aka kwashe makonni. Ita kanta MainOne, wadda 'yar Najeriya Funke Opeke ta kafa, tun 2022 kamfanin Equinix na Amurka ya saye ta kan dala miliyan 320. Nijar kuwa, da ba ta da teku, ta ƙasar maƙwabta wayoyinta ke bi. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Ba cewa nake mu gina katangar tace intanet irin ta Chana ba. Ba mu da kuɗin, kuma ban amince wa kowace gwamnati da irin wannan makulli ba. Ko ƙasashen Turai yawancin bayanansu na ajiye ne a rumbunan Amazon da Microsoft da Google, suna ƙorafi suna biya.

Abin da ke hannunmu shi ne doka da girman kasuwa. An sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a a 2023, sannan a Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, kotun ɗaukaka ƙara ta musamman ta tabbatar da hukuncin a 2025. Ba a toshe WhatsApp ɗin kowa ba, amma kamfanin ya zo ya kare kansa a gaban alƙalanmu.

Sauran aikin ba ya jan tafi a taro: ƙarin hanyoyin waya don in ɗaya ta tsinke wata ta ɗauka, da rumbunan ajiye bayanai a cikin gida, ba a Legas kaɗai ba. Su kuma rumbunan wuta suke ci dare da rana, ga shi a Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu.