Wa ya ɗaura wa Philippe Petit wayar da ya taka?

Jama'a, akwai wani fim da nake ta yi wa talla kyauta har abokaina sun fara gajiya da ni. Sunansa Man on Wire, ya fito a 2008, kuma wani Baturen Ingila mai suna James Marsh ne ya ba da umarni. Labarin gaskiya ne, waɗanda abin ya faru da su ne suke zaune gaban kyamara suna ba da shi da bakinsu, gashin kansu ya yi furfura. Awa ɗaya da rabi ne da 'yan mintuna. In kana da data ka neme shi, in ba ka da ita ka roƙi mai ita ya tura maka.

Ga abin da ya faru. Ranar Laraba 7 ga Agusta 1974, da misalin ƙarfe bakwai na safe, mutanen New York na sauri zuwa wurin aiki sai suka ga wasu sun tsaya cirko-cirko suna kallon sama. Can tsakanin tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, masu hawa 110, sama da mita 400 daga ƙasa, ga wani ɗigo baƙi yana motsi. Mutum ne. Bafaranshe, Philippe Petit, ɗan shekara 24, yana tafiya a kan wayar ƙarfe da kaurinta bai kai inci ɗaya ba. Babu igiya a ƙugunsa, babu raga a ƙasa. Abin da ke hannunsa kawai wata doguwar sanda ce mai tsawon mita 8 da nauyin kilo 25, da ita yake daidaita jikinsa. Minti 45 ya yi a can, ya tsallaka sau 8. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, har ya kwanta rigingine a kan wayar yana kallon sararin sama. 'Yan sanda na jiransa a kan rufin kowane bene, in ya matso suka miƙo hannu sai ya yi murmushi ya juya ya koma tsakiya. Sai da suka yi barazanar tsinko shi da jirgi mai saukar ungulu sannan ya haƙura ya sauko.

Na san abin da za a rubuto mini a ƙasa. Rabinku za su ce ganganci ne, sauran rabin su ce ai ba haka nan ya bar kansa ba, akwai abin da ya taka. Masu maganar ganganci ku jira ni, zan zo kanku. Masu maganar asiri kuwa, fim ɗin ya tone asirin kaf, kuma abin da aka tarar a ciki shi ne shekara shida na shiri da taron mutanen da suka yarda su shiga uku saboda mafarkin wani.

A 1968 abin ya faro, yana matashi, a ɗakin jira na likitan haƙori. Ya buɗe jarida ya ga zanen benaye biyu da ake shirin ginawa a Amurka. Ya yi atishawar ƙarya, ya yage shafin, ya fice ba tare da ya ga likitan ba. Ya ci gaba da fama da haƙorinsa, benayen kuma ko tashi ba su yi ba balle a yi maganar waya. Kafin su tashi ya gwada ƙafarsa a 1971 tsakanin hasumiyoyin majami'ar Notre Dame a Paris, sannan a 1973 a kan babbar gadar Sidni a Ostareliya. Duk biyun ba da izini ba, duk biyun an kama shi. A Sidni ma har agogon ɗan sandan da ya kama shi ya zare, don dama ɗan wasan titi ne mai saurin hannu.

Shirin New York shi ne ya ci mafi yawan fim ɗin, kuma Marsh ya tsara shi kamar labarin 'yan fashin banki. Katin shaida na jabu, hular kwano, kayan leburori yau, kwat da wando gobe. Sun yi hayar jirgi don ɗaukar hoton rufin daga sama. Petit ya taɓa shiga a matsayin ɗan jaridar wata mujallar gine-gine ta Faransa, wai ya zo hira da ma'aikata, alhali wurin da zai ɗaure waya yake dubawa. Wata rana ya taka ƙusa ta huda masa ƙafa, ya dawo yana dogara sanduna, sai ya lura masu gadi sun daina tambayarsa kati, har ƙofa suke buɗe masa. Sannan suka samu ɗan gida, Barry Greenhouse, mai wani irin gashin baki murɗaɗɗe, wanda ofishinsa ke hawa na 82. A can Faransa kuwa sun shimfiɗa waya a wani fili, Petit na kai, abokansa na jijjiga igiyoyin da dukkan ƙarfinsu don su kwaikwayi iska, domin an gina benayen ne yadda za su riƙa ɗan rangaji in iska ta kaɗa. Hotunan bidiyo na wannan atisaye suna nan a fim ɗin, samari da budurwa suna birgima a ciyawa suna dariya, kamar ba maganar rai ake yi ba.

To ga tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba sai da na kalli fim ɗin: yaya ake ƙetarar da waya mai nauyin kusan kilo 200 daga wannan rufi zuwa wancan, tazarar kimanin mita 42, cikin dare, ba tare da mai gadi ya ji ko ƙyas ba? Amsar ita ce baka da kibiya. Aminin Petit tun ƙuruciya, Jean-Louis Blondeau, shi ne ya harba kibiyar daga benen arewa, an ɗaura mata siririn zaren fatsa. Zaren ya jawo igiya, igiyar ta jawo wadda ta fi ta kauri, a haka har aka kai ga wayar. Kafin a kai nan, a ɗaya benen, Petit da wani abokinsa Bafaranshe, Jean-François Heckel, sun shafe sa'o'i a ƙarƙashin tamfol, a zaune kan wani ƙarfe da ke saman ramin lif, ba motsi ba tari, saboda mai gadi na zagaye a kusa. Da aka harbo kibiyar kuma duhu ya hana a gan ta, sai da Petit ya tuɓe kayansa yana yawo a bakin rufin don ya ji zaren ya taɓa fatarsa. Ya same ta tana lilo a gefen gini, saura ƙiris iska ta tafi da ita.

Sai babbar matsalar ta auku. Wayar ta suɓuce, ta zube cikin ramin da ke tsakanin benayen. Wanda ya jawo ta shi ne Jean-Louis, da hannunsa, sa'o'i yana ja har gari ya fara wayewa, bayan Ba'amurken da ke tare da shi ya sare ya ce ba zai yiwu ba. Wani Ba'amurken ma tun farkon dare ya ari na kare. Mark Lewis, wanda ya taimaka a Sidni, tun kafin ranar ya janye, don ba ya son a ce da hannunsa a mutuwar abokinsa. Ni ban ga laifin ko ɗayansu ba. Ka ɗaura wa amininka waya da hannunka, ka san in ƙulli ɗaya ya kwance gawarsa ma ba za ta ɗauku ba, sannan ka tsaya kana kallo. Petit yana kan waya, aikin da ya ƙware a kai ya ɗauke masa hankali. Su kuwa aikinsu ya ƙare, ba abin da ya rage musu sai fargaba.

A nan ne fim ɗin ya kama ni. Petit mutum ne mai baki, in yana ba da labari ba ya iya zama, tashi yake yana tsalle yana ɓuya bayan labule, ka rantse yau abin ya faru. Da Marsh ya so, da ya bar shi ya cinye fim ɗin shi kaɗai, kuma da mun tafa. Amma ya zaunar da sauran, ya ba su lokaci. Annie Allix, budurwarsa a lokacin, ita ce ke ƙasa a kan titi tana nuna wa mutane sama tana ce musu su duba. Bayan shekara 30 da ɗoriya tana ba da labarin, idonta na kawo ruwa. Jean-Louis kuwa, da aka zo maganar abin da ya biyo baya, maganar ta maƙale masa, ya rufe fuska ya fashe da kuka, kyamara kuma ba ta kawar da kai ba.

Me ya biyo bayan? An sa wa Petit ankwa, an kai shi a duba ƙwaƙwalwarsa, likitoci suka ce lafiyarsa ƙalau. Aka janye tuhumar bisa sharaɗin ya yi wa yara wasa a lambun Central Park. Hukumar da ke da benayen ta ba shi katin hawa wurin kallo na har abada, ya sa hannu a jikin wani ƙarfen rufin. Ya wayi gari sunansa ya cika duniya, a makon da Shugaba Nixon na Amurka ya yi murabus. Jean-François kuwa korar sa aka yi daga Amurka. Petit da kansa ya faɗa cewa yana fitowa daga hannun hukuma ya bi wata mace da bai taɓa gani ba, alhali Annie da abokansa na can suna jiransa. Soyayyar ta mutu a nan, amincinsa da Jean-Louis ma bai koma yadda yake ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ko da yake, don Allah, karin maganar ba ta zauna daram ba, tunda da ƙafa ta zame shi kaɗai zai faɗo. Amma dai duk wanda ya taɓa yi wa wani hidima da zuciya ɗaya, ranar da abin ya yi kyau aka shige shi kamar ba a san shi ba, zai gane kukan Jean-Louis ba sai an fassara masa ba.

Ina jinjina wa ƙwarewar Petit, amma ba irin mutumin da zan so ƙanwata ta aura ba ne. Fim ɗin bai tilasta mini in zaɓi ɗaya ba, kuma wannan ba ƙaramin adalci ba ne daga mai ba da umarni.

Abu biyu kuma Marsh ya yi da suka ƙara masa daraja a idona. Na farko, babu bidiyon tafiyar ko na daƙiƙa ɗaya. Hotuna ne marasa motsi, yawancinsu Jean-Louis ɗin nan ne ya ɗauka da hannuwan da suka kwana suna jan waya. Marsh ya jera su a hankali, ya sa kiɗan fiyano mai sanyi na Erik Satie, ya bar shaidu su yi magana. Har da tsohuwar hirar wani sajan ɗin 'yan sanda, Charles Daniels, wanda aka tura ya kamo mai laifi, amma ya tsaya gaban 'yan jarida yana cewa abin da ya gani rawa ce, kuma ya san ba wanda zai sake ganin irinsa. Tafin hannuna ya yi gumi a kan hotunan da ko motsi ba sa yi, alhali na san mutumin yana raye, ga shi ma yana ta zuba a gabana. A 2015 Robert Zemeckis ya yi fim ɗin kwaikwayo a kan labarin, The Walk, aka gina benayen da kwamfuta, ana leƙa da kai ƙasa har jiri ya ɗebe ka. Ya yi ƙoƙari, amma ni dai na farkon ya fi tsaya mini a rai.

Na biyu, daga farko har ƙarshe ba a ambaci 11 ga Satumba 2001 ba, ranar da aka rusa benayen, mutum kusan 3,000 suka rasa rayukansu. Ana nuna maka yadda ake haƙa tushe, ana ɗaga ƙarafa ana jerawa, ana nuna maka katin nan na har abada. Akwai ma wani hoto da jirgin sama ke wucewa ta can saman Petit. Ba wanda ya ce uffan. Mai kallo ya riga ya sani, kuma an girmama shi da aka ƙyale shi da saninsa.

Yanzu masu cewa ganganci. Ban ce kun yi ƙarya ba. An hane mu da jefa kanmu cikin halaka, kuma da ɗana ne ya zo mini da wannan magana, ƙofa zan kulle in jefa makullin a rijiya. Da 'yan jarida suka yi ta tambayar Petit dalili, ce musu ya yi babu wani dalili. Wannan amsa ta burge Turawa ƙwarai, ni ba ta ishe ni ba, don rai ba naka ba ne kai kaɗai, akwai masu haƙƙi a kansa. Kuma sana'ar tana ci. Karl Wallenda, wanda ya shafe rayuwarsa a kan waya, ya faɗo ya mutu a San Juan ta Puerto Rico a 1978 yana da shekara 73, daga tsayin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na Petit ba. An yi maganar iska, amma danginsa sun ɗora laifin a kan yadda aka ɗaura igiyoyin da ke riƙe wayar. Ƙafar gwani ce, ɗaurin ne ya ci amanarta. Shi ya sa nake cewa ran Petit a hannun mutum biyu ko uku yake a wannan dare, kuma sun riƙe shi.

Fim ɗin ya ci kyautar Oscar a 2009 a rukunin finafinan labarin gaskiya. Petit ya hau dandamali, ya ɗora gunkin kyautar a kan haɓarsa ya tsayar da shi, zauren ya ɗauki tafi. Mai hali dai ba ya fasa halinsa.

In za ku kalla, ku nemi mai fassara a rubuce a ƙasa, don wasunsu, irin su Annie, da Faransanci suke magana, kuma maganarsu ce ƙashin bayan fim ɗin. 'Yan uwanmu na Nijar ku kun huta. Sannan akwai wani ɗan wuri kusa da ƙarshe, inda aka kwaikwayi haɗuwarsa da matar nan, da bai dace a kalla da yara ba, sai a riƙe rimot a kusa.