Mallakar masana'anta ba ita ce ƙarfin kamfanin fasaha ba

Mutane da dama suna ɗauka cewa kamfanin fasaha mai ƙarfi shi ne wanda yake ƙera komai da hannunsa, tun daga gilashin fuskar waya har zuwa ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ta, wadda ake kira cip. A ganina, abin da ya faru a shekarun baya-bayan nan ya nuna akasin haka, domin abin da ke raba gardama shi ne ko akwai wanda zai iya toshe wa kamfani hanyar samun kayan da ba ya iya rayuwa sai da su.

A duba Apple, wanda bai mallaki masana'antar cip ko guda ɗaya ba. Injiniyoyinsa a Kalifoniya ne suke zana cip ɗin, kamfanin TSMC na Taiwan ya ƙera shi, sannan Foxconn ya haɗa mafi yawan wayoyin iPhone a ƙasar Sin, musamman a birnin Zhengzhou. Ƙarfin Apple yana cikin yawan abin da yake saye da kuma kuɗin da yake iya zubewa tun kafin a fara aiki, abin da ke ba shi damar kama layin farko a duk lokacin da TSMC ya fito da sabuwar fasaha. Ba banza ba ne mutumin da aka ɗauka a 1998 domin ya gyara harkar sayo kaya da rarraba su, wato Tim Cook, ya zama magajin Steve Jobs a shugabancin Apple a 2011. Duk da haka tsarin yana da inda yake yoyo, kamar yadda aka gani a watan Nuwamba na 2022, lokacin da dokar kullen korona da boren ma'aikata a Zhengzhou suka jawo ƙarancin iPhone 14 Pro, lamarin da ya ƙara ingiza kamfanin wajen mayar da wani ɓangare na aikin zuwa Indiya.

Intel kuwa, kamfanin cip na Amurka, ya daɗe yana alfahari da cewa zane da ƙira duk a gidansa ake yi, amma da masana'antunsa suka yi ta jinkiri wajen kai wa ga fasahar nanomita 10, wato wani sabon mataki na ƙanƙanta sassan cikin cip, sai abin alfaharin ya zame masa kaya mai nauyi. Abokin hamayyarsa AMD, wanda ya rabu da masana'antunsa tun 2009, ya koma wajen TSMC ya riƙa ƙwace masa kasuwa, sannan a 2020 Apple ya fara cire cip ɗin Intel daga kwamfutocinsa ya sa nasa mai suna M1. Samsung na Koriya ta Kudu ne kaɗai za a ce ya ci moriyar ƙera abubuwa da yawa a gida, har yana sayar wa Apple gilashin fuskar waya alhali suna gasa a kasuwa ɗaya, ko da yake shi ma bai kamo TSMC ba a harkar ƙera wa wasu cip. Su kuwa Google da Microsoft, waɗanda asalinsu manhaja ce, sun gwada sayen ƙwarewar ƙera waya da kuɗi: Google ya sayi Motorola a 2012 ya sayar wa Lenovo a 2014, Microsoft kuma ya sayi sashen wayoyin Nokia a 2014 ya amince da asara mai yawa shekara guda bayan haka.

Labarin Huawei na ƙasar Sin ne ya fi fito da maganar fili. Kamfanin yana da ƙwararrun masu zana cip, kuma ya taɓa kai wa sahun gaba a cinikin wayoyi a duniya, amma Amurka ta sanya shi cikin jerin kamfanonin da ta hana hulɗa da su a watan Mayu na 2019, daga watan Satumba na 2020 kuma TSMC ya daina ƙera masa cip. Zanen yana hannunsa, mai ƙerawa ya ɓace, har sai da ya sayar da reshensa na wayoyin Honor a ƙarshen 2020. Ya dawo a 2023 da wayar Mate 60 Pro mai ɗauke da cip ɗin da kamfanin SMIC na Sin ya ƙera, abin da ya ba masana mamaki, sai dai SMIC ɗin ma ba shi da izinin sayen injunan zamani mafi inganci na ƙera cip, waɗanda kamfani ɗaya tak a duniya yake ƙerawa, wato ASML da ke garin Veldhoven a ƙasar Holan. TSMC da Samsung da Intel duk a wurinsa suke bin layi.