Shaidar ƙwarewa a fasahar gajimare: kamfani ɗaya ya ishe ka

Mafi yawan masu shiga harkar gajimare suna ɓata lokacinsu wajen gardamar wane ne ya fi tsakanin AWS na Amazon da Azure na Microsoft da Google Cloud. A ganinmu wannan gardama ba ta mai farawa ba ce. Duk ukun hayar abu iri ɗaya suke bayarwa: kwamfutar da ke zaune a rumbunsu, wurin ajiyar bayanai, da hanyoyin sadarwa. Abin da AWS ke kira EC2, wato kwamfutar haya, Azure na da irinsa, Google kuma na kiransa Compute Engine. Wanda ya iya ɗaya sosai, komawa ɗayan ba zai ba shi wuya ba.

To ta yaya za ka zaɓa? Ka tara tallan guraben aiki kamar talatin na irin aikin da kake nema, ka ƙirga sunan da ya fi fitowa. Wurin da ya riga ya dogara da Windows Server da Microsoft 365 yakan karkata ga Azure. AWS, wanda ya fara tun 2006, shi ya fi kowa kaso a kasuwa, darussansa ma sun fi yawa. Ka ɗauki ɗaya ka rufe ido.

Kuskure na gaba shi ne tara shaidun matakin farko, wato takardun da kamfanonin ke bayarwa idan ka ci jarrabawarsu. Jarrabawar Cloud Practitioner ta AWS dala 100 ce, tambaya 65 cikin minti 90, ana cin ta da maki 700 cikin 1000. AZ-900 ta Microsoft da Cloud Digital Leader ta Google duk sa'anninta ne. Suna koya maka sunayen kayan aiki da yadda ake lissafin kuɗi, amma ba sa nuna cewa ka iya gina komai, kuma masu ɗaukar aiki sun san haka. Wanda ya tara ukun nan ya biya kuɗin darasi ɗaya sau uku. Idan ba ka taɓa aikin kwamfuta ba, ka yi guda ɗaya. A AWS ma cin ta na ba ka rangwamen rabin kuɗin jarrabawa ta gaba. Idan ka riga ka san Linux da netwok, tsallake ta kawai.

Inda nauyin yake shi ne mataki na biyu: Solutions Architect Associate ta AWS, dala 150, tambaya 65 cikin minti 130, maki 720; ko AZ-104 ga mai son kula da Azure; ko Associate Cloud Engineer ta Google. Tambayoyinsu labarin matsala ne, a ba ka amsoshi huɗu waɗanda biyu za su yi aiki, a ce ka zaɓi mafi araha ko mafi jure lalacewa. Hadda ba ta cin irin wannan. Kuma abin da ya fi kayar da mutane ba gajimaren ba ne, tushen da suka tsallake ne: adireshin IP (lambar kowace na'ura a netwok), DNS (tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshin IP), raba netwok gida-gida, da izinin shiga. Wanda bai san cewa netwok mai alamar /24 adireshi 256 ne ba, kuma AWS na riƙe biyar daga ciki, zai yi ta lalube a duk tambayar da ta shafi VPC, wato keɓantaccen netwok ɗinka a cikin gajimare.

Saboda haka ka buɗe asusun gwaji ka yi aiki da hannunka. Amma kafin ka kunna komai, ka sa tabbacin shiga mai mataki biyu a babban asusun, sannan ka saita gargaɗin kashe kuɗi, ko na dala biyar ne. Ga inda kuɗi ke zurarewa: NAT Gateway, ƙofar da kwamfutocin cikin keɓantaccen netwok ke fita intanet ta cikinta, na cin kuɗi kowace awa ko ba a amfani da ita, a wata ta haura dala 30. Ka tsayar da kwamfutar EC2, faifan ajiyarta na nan ana yi maka lissafi. A Azure, kashe kwamfuta daga cikinta ba ya tsayar da lissafin kuɗinta, sai ka tsayar da ita daga shafin Azure ɗin kansa. Wani kuma ya kunna abu a rumbun wani yanki na duniya, ya koma wani yankin ya duba bai ga komai ba, ya ɗauka ya goge. Mafi muni shi ne ɗora mabuɗin sirrin asusunka a GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhajoji: akwai manhajojin da aikinsu kenan farautar irinsa, su kunna manyan kwamfutoci da sunanka suna haƙar kirifto.

Tambayoyin sata da ake sayarwa a intanet, ka nisance su. Idan aka gano ana soke shaidar, kuma a hirar neman aiki minti biyar ta isa asiri ya tonu.

Ka kuma lissafa da sabuntawa. Shaidar AWS shekara uku take yi. Ta Microsoft a mataki na biyu shekara ɗaya ce, amma sabuntawar kyauta ce ta shafin karatu na Microsoft Learn, AZ-900 kuwa ba ta ƙarewa. Idan a gida za ka rubuta jarrabawar ta hannun Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da ita, sunan da ka yi rajista da shi dole ya dace da na katin shaidarka, tebur babu komai a kai, kuma kada kowa ya shigo ɗakin. Wanda ya faɗi jarrabawar AWS sai ya jira kwana 14, ya sake biyan kuɗin gaba ɗaya.